Ƙungiyar da Aka Canja Mata Komai

Ƙungiyar wasa aba ce da ake iya canja mata kusan komai, a ci gaba da ɗaukarta a matsayin wadda aka sani. Ana sallamar koci, a sayar da 'yan wasa, attajiri ya karɓe ta daga hannun attajiri, a rushe filinta a gina gidaje a wurin, magoya baya su ce ƙungiyarsu tana nan daram. Wani lokaci kuma abu ɗaya tak za a taɓa, su ce ta mutu. A ƙarƙashin wannan akwai tsohuwar tambaya da masu falsafa da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa: me ke sa abu ya ci gaba da zama shi, alhali sassansa suna ta sauyawa? Unguwar Gorton, da ke gabashin birnin Manchester a Ingila, tana da labarin da ya dace a fara da shi.

A ƙarshen ƙarni na 19 Gorton unguwar ma'aikata ce, ta hayaƙi da ƙarfe. A nan kamfanin Beyer, Peacock yake ƙera kawunan jiragen ƙasa da ake kaiwa ƙasashe da dama, har da na Afirka. Talauci ya yi yawa, shaye-shaye ya yi yawa, samari kuma sun kasu gungu-gungu suna faɗan unguwa da wuƙaƙe da bel, irin abin da mutumin Kano zai kira daba. Mutanen cocin St Mark's da ke yammacin unguwar suna da ƙungiyar kurket ta lokacin zafi, sai a 1880 suka ƙara da ta ƙwallon ƙafa domin lokacin sanyi. Labarin da ya fi yaɗuwa yana jingina aikin ga Anna Connell, 'yar limamin cocin, amma masu binciken tarihin ƙungiyar sun fi ba da ƙarfi ga dattawan cocin irin su William Beastow. Wasan farko da aka rubuta labarinsa an buga shi ranar 13 ga Nuwamba 1880 da 'yan wani coci daga Macclesfield, aka ci St Mark's biyu da ɗaya.

Daga nan sauyi bai tsaya ba. A 1884 sunan ya koma Gorton, rigar baƙa mai farin gicciye a ƙirji. A 1887 aka koma filin Hyde Road, sunan ya zama Ardwick. A 1894 bashi ya durƙusar da Ardwick, aka yi rajistar sabon kamfani da sunan Manchester City. Ta ci Kofin FA a 1904, amma a 1906 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da 'yan wasanta 17 saboda biyan kuɗi ta bayan fage, wasu daga cikin gwanayen, har da Billy Meredith, suka koma Manchester United suka taimaka mata ta ci gasar ƙasa a 1908. An tashi zuwa Maine Road a 1923, aka sake tashi a 2003 zuwa filin da yau ake kira Etihad, wanda tafiyar ƙafa ce daga yammacin Gorton. Thaksin Shinawatra, tsohon firayim ministan Thailand, ya saye ta a 2007, a Satumban 2008 kuma ta koma hannun Shaikh Mansur na Abu Dhabi. Ƙungiyar da ta fara da gicciye a riga yau mallakar basarake Musulmi ce, ana kallonta a gidajen kallo na Fagge da Sabon Garin Zariya. Cocin da ta fito daga cikinsa an daɗe da rushe shi. Abin lura, shekarar da ke rubuce a tambarinta ita ce 1894, ba 1880 ba, alhali littattafan tarihinta daga cocin suke farawa. Ita kanta ƙungiyar tana da amsa biyu ga tambayar ranar haihuwarta.

Tsoffin Girkawa sun tsara matsalar da misalin jirgin ruwan wani gwarzonsu, Tisiyus, wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har babu na asali ko ɗaya. Wasu suka ce jirgin ne, wasu suka ce wani ne. A ƙarni na 17 masanin falsafa Thomas Hobbes ya ƙara wa miyar gishiri: idan wani ya tattara tsoffin katakan ya sake haɗa su, wanne ne jirgin? Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Girka don ya gane wannan. Gidan ƙasa kowace shekara sai an yi masa yaɓe, damina ta zubar da katanga a tayar da wata, a canja azara, a fasa ƙofa a toshe wata, jikoki kuma su ce gidan kakansu ne, babu mai ƙaryata su. Hasumiyar Gobarau a Katsina ta sha gyara, ba wanda ya ce ta zama wata hasumiya.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce 'yan wasa su ne ƙungiya. Wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda ya fi ƙarfi a Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, yana rushe wannan amsa tun a cikin fili. Mutum shida ne kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, suna zamiya a kan takalma masu kaifin ƙarfe suna bugun wani ɗan faifan roba da sanda. Gudun yana da tsanani, don haka ba a cika yin minti guda ba sai an canja 'yan wasa, wasu su tsallake shinge su fita wasu su faɗo ciki, wasa bai tsaya ba. Waɗanda suka fara kai hari sau da yawa ba su ne ke ƙarasa shi ba, kuma ba wanda ke shakkar cewa ƙungiya ɗaya ce ta ci. A jami'o'in Amurka abin ya fi fitowa fili, domin ɗalibi bisa al'ada kaka huɗu yake bugawa ya tafi. Duk da haka tun 1952 jami'o'i huɗu na yankin Boston suke fafatawa a gasar Beanpot, kowace tana lissafin nasarorinta tun daga farko kamar mutum ɗaya ne ya ci su.

A jami'o'in, koci ne ke daɗewa. Jack Parker ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Boston daga 1973 zuwa 2013, Jerry York ya riƙe ta Kwalejin Boston daga 1994 zuwa 2022, Red Berenson ya yi kaka 33 a Michigan. Mai kallon wannan zai iya cewa koci shi ne ruhin ƙungiya, 'yan wasa jiki ne. Gasar ƙwararru ta NHL tana nuna akasin haka, don a can koci ne farkon wanda ake sallama idan abubuwa sun cakuɗe. St. Louis Blues ta kori Mike Yeo a Nuwamban 2018 ta ɗora mataimakinsa Craig Berube. A farkon Janairu ita ce ta ƙarshe a gasar baki ɗaya, a watan Yunin 2019 kuma ta ɗauki Kofin Stanley karon farko a tarihinta, da kusan 'yan wasan da take da su tun farko. Irin wannan labari ne ke zuga masu ƙungiyoyi, suna manta cewa akasinsa ma yana faruwa. Birmingham City, wadda ita ma 'yan kurket na wani coci ne suka kafa ta a 1875 da sunan Small Heath Alliance, ta samu sababbin masu ita daga Amurka a 2023. Suka sallami koci John Eustace tana ta shida a rukuni na biyu, suka kawo Wayne Rooney saboda girman sunansa, ya yi wasa 15 ya ci biyu, aka sallame shi a Janairun 2024, ƙungiyar ta faɗa rukuni na uku a ƙarshen kakar. A duka misalan biyu canjin koci ya canja halin ƙungiya, ko ya gyara ko ya ɓata, amma ba wanda ya ce an samu wata ƙungiya. A yaren malaman tauhidi, siffa ce ta sauya, zati yana nan. Sarki goma zamani goma, garin kuwa ɗaya ne.

Batun suna ya fi wuya, kuma a nan tarihin hoki a Manchester ya fi na ƙwallon ƙafa amfani. An kafa Manchester Storm a 1995, tana wasa a babban zauren da ke tsakiyar birni. A 1997 mutum 17,245 suka kalli wasanta da Sheffield Steelers, adadin da ba a taɓa gani ba a wasan hoki na gasar Birtaniya. Ta ci gasar a kakar 1998 zuwa 1999, sannan kuɗi ya ƙare, ta rushe a 2002. Magoya bayanta ba su watse ba. Suka haɗa kai aka kafa Manchester Phoenix a 2003, sunan wani tsuntsun tatsuniya da ke tashi daga tokarsa. Phoenix ta sha wuya, har ta yi kaka biyu ba ta wasa don rashin fili, kafin ta zauna a Altrincham a 2007. A 2015 saɓani ya shiga tsakaninta da masu filin, ta fita, aka kafa sabuwar ƙungiya a wannan filin aka sa mata tsohon sunan Storm. Phoenix ta yi ta yawon haya a wasu garuruwa har ta rushe a farkon 2017. Ga tambayar Hobbes nan a zahiri: na kusan shekara biyu akwai ƙungiya mai ɗauke da sunan tsohuwar Storm, da wata mai ɗauke da mutanen da suka yi makokinta suka gina magajiya da hannunsu. Kama da wane ba ta wane, amma kuma ba a raina suna, domin da shi ake kiran mutane su amsa.

Hukumomin wasanni suna warware irin wannan da takarda, kuma takardar tana yawan saɓa wa abin da ido ke gani. Winnipeg Jets ta Kanada an kwashe ta zuwa birnin Phoenix a Amurka a 1996, tarihinta ya bi ta a littafin NHL. A 2011 aka kwaso Atlanta Thrashers aka kawo Winnipeg aka sa mata suna Jets, don haka a hukumance tarihin sabuwar Jets daga Atlanta ya fara, ko da yake mutanen Winnipeg tsoffin gwarazansu suke tunawa. A 2024 kuma aka kwashe 'yan wasa da ma'aikatan Arizona Coyotes, wato tsohuwar Jets ɗin da ta koma Phoenix, gaba ɗaya aka kai su Utah, hukuma ta ce wannan sabuwar ƙungiya ce fil. Mutane ɗaya, koci ɗaya, amma wai jaririya ce. A Ingila an bar masu Wimbledon sun kai ta Milton Keynes, magoya baya suka ƙi bi, suka kafa AFC Wimbledon a 2002 daga can ƙasan rukunai. A 2007 ƙungiyar da ta tafi ta mayar da kayan tarihin tsohuwar Wimbledon ga ƙaramar hukumar Merton, inda unguwar Wimbledon take. Wasu magoya bayan Manchester United ma sun ɓalle a 2005, bayan iyalan Glazer sun saye ta, suka kafa FC United. Takardar mallaka tana faɗin wanda zai ci riba da wanda za a kai kotu. Ba ta iya umartar zuciya ta bi.

Fiƙihu yana da kayan aiki da suka fi na hukumomin wasa kaifi a kan wannan, ko da yake ba don ƙwallo aka tanade su ba. A mazhabar Malikiyya ruwa yana nan a matsayin mai tsarkakewa har sai wani abu ya canja launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa. Darasin shi ne ba kowane sauyi ne ke fitar da abu daga sunansa ba. Sai an fara tantance siffofin da hukunci ya rataya a kansu. Babin wakafi ya fi kusa da batun. Rijiya ko makaranta da aka yi wakafinta tana wuce wanda ya yi ta, masu kula da ita suna zuwa suna tafiya, ana gyara gininta, kuma ana binta da sharaɗin da mai wakafin ya gindaya. Mai kula ba mamallaki ba ne, amana aka ba shi, ana iya tsige shi idan ya ci amanar. Idan aka auna Manchester City da wannan ma'auni na niyya, hukuncin zai yi tsauri. Dattawan St Mark's sun so su janye yaran unguwa daga titi da mashaya ne, ba su yi mafarkin kamfani mai rassa a nahiyoyi da dama ba, kuma kuɗin tikitin babban wasa a yau nauyi ne a kan ma'aikacin Gorton. Sai dai ƙungiyar ba wakafi ba ce, ba a rubuta mata sharaɗi ba, kuma niyyar ta riga ta sauya tun kafin 1894, tun ranar da aka fara biyan ɗan wasa lada. Mai cewa kuɗin Larabawa ne ya kashe ƙungiyar coci ya makara da fiye da shekara ɗari.

Ma'aunin da ya fi riƙe nauyi shi ne wanda almajiran ilimi suka sani da silsila. Makarantar zaure tana iya canja malami, ta canja unguwa, ɗalibai su ƙare wasu su zo, amma ana cewa makarantar malam wane ce muddin kowane mai zama a buzun ya karɓa daga na gabansa, kuma jama'a sun shaida. Abu biyu ne a nan: miƙawa hannu da hannu ba tare da yankewa ba, da yardar waɗanda abin ya shafa. Tsakanin St Mark's da Gorton da Ardwick da City, a kowane mataki akwai mutanen da suka tsallaka daga tsohuwa zuwa sabuwa, 'yan wasa ko shugabanni ko 'yan kallo, kuma City ta ci gaba da wasa a filin da Ardwick ta bari. Ba a taɓa canja komai a rana ɗaya ba. Wannan ne ya bambanta ta da abin da aka yi wa Wimbledon, inda 'yan wasa da takarda suka tafi, jama'a suka ƙi shaida.

Kano Pillars ta nuna cewa silsila na iya farawa daga haɗuwar rassa. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta gwamnatin jiha ce, don haka hukumar gudanarwarta takan sauya yadda siyasa ta sauya, kociyoyi kuwa ba a ƙirga su. Ta ci gasar Nijeriya a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023. Ahmed Musa ya yi mata wasa yana matashi, ya tafi Turai, ya dawo, har aka naɗa shi babban manajanta a 2025. Duk wannan ya wuce ta kan taron da ke cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata yana kirarin Sai Masu Gida. Kirarin da kansa yana ɗauke da da'awa: gwamnati ce ke biyan albashi, amma masu ihun ba sa ɗaukar kansu baƙi a gidan. Ibn Khaldun ya kira irin wannan ɗauri asabiyya, ya kuma lura cewa wuya ce ke ƙulla shi, daɗi ke sassauta shi.

Daga nan ake samun gwajin da ya fi kowane sauƙi, wato wa ke ɗaukar kunyar ƙungiya. A shari'a ba a raba gado sai an fitar da bashin mamaci daga dukiyar. Mai son ya gaji kofunan ƙungiya amma ya ce faɗuwarta da basussukanta da abin kunyarta na wasu ne, bai cika magaji ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A kakar 1998 zuwa 1999 Manchester City tana rukuni na uku, maƙwabciyarta United tana cin kofuna uku, amma wajen mutum dubu 28 suna zuwa Maine Road kowane wasa. Waɗannan da 'ya'yansu su ne ke da hujjar cewa ƙungiyar da Pep Guardiola ya kai ga nata kofuna ukun a 2023 ita ce dai wadda suka bi zuwa ƙananan garuruwa. Gwajin yana yanka ta ɗaya gefen ma: wanda ya karɓi nasarorin zamanin Abu Dhabi dole ya karɓi tuhume-tuhumen karya dokokin kuɗi da gasar Firimiya ta gabatar a kan ƙungiyar a 2023, ba ya cewa wannan matsalar shugabanni ce. A kan Storm da Phoenix kuwa gwajin bai ba da hukunci ɗaya ba, domin jama'ar da ya kamata ta shaida ita kanta ta rabu biyu, wasu suka bi suna, wasu suka bi wahalar da suka sha. Bayan rushewar Phoenix ne kawai gardamar ta lafa, ba don wani ya yi nasara a hujja ba.

Kofin da ƙwararrun hoki ke nema shi kansa yana cikin wannan hali. Lord Stanley, gwamnan Kanada na lokacin, ɗan wani babban gidan sarauta na Lancashire, lardin da Gorton take ciki a da, shi ya ba da shi a 1892, ƙaramar tasa ce ta azurfa. Aka riƙa ƙara mata zobba a ƙasa ana zana sunayen waɗanda suka ci. Tasar ta asali ta tsufa, aka ajiye ta a gidan tarihin hoki da ke Toronto, wanda ake miƙa wa zakaru yanzu an ƙera shi ne a 1963, akwai kuma na uku da aka yi a 1993 don nuni idan wancan ya yi tafiya. Gangar jikin kofin tana da zobba biyar, kowanne yana ɗaukar ƙungiyoyi 13. Idan na ƙasa ya cika sai a cire na sama a kai shi Toronto, a sa sabo fanko. 'Yan wasa sun san duk wannan, kuma wanda suke kira Kofin Stanley, suke ƙin taɓa shi kafin su ci shi, shi ne wanda zakarun bara suka ɗaga suka mayar, ba tasar 1892 da ke cikin gilashi ba.